Ina Sauran Ƙwayoyin Harsashin Suke Zuwa?

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aikin gandiroba. Da ya yi ritaya sai ya koma wa sana'ar gidansu, watau farauta. Yana da bindiga mai baki biyu wadda ya yanka wa lasin, kuma duk lokacin hunturu ba ya fashin zuwa fadama neman agwagin ruwa. Wata rana da la'asar ya tarar da ni a ƙofar gida ina gyaran takardun jarrabawa, sai ya zaro harsashi iri biyu daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Dakta, ku da kuka yi karatu, wanne ya fi kyau a cikin waɗannan?" Na ce, "Baba, ya fi kyau ga wa?" Ya yi dariya ya ce, "Ga maharbi mana. Da akwai wani ne?"

Akwai kuwa, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Duk wanda zai zaɓi harsashin bindigar farauta, ko don harbin tsuntsu ne ko don gadin gidan yari, tambayar da yakan yi ita ce: wanne ne zai fi kayar da abin da na auna? A ganina akwai tambaya ta biyu wadda ya kamata a riƙa yi tare da ta farkon, ita ce: ƙwayoyin da ba su sami abin da na auna ba, ina za su je, kuma wa za su samu? Wanda bai amsa wannan ba, bai gama zaɓen harsashi ba tukuna.

Yadda harsashin yake

Bindigar soja ƙwaya ɗaya take fitarwa a kowane harbi, kuma cikin bututunta akwai zane mai murɗewa da ke sa ƙwayar ta tafi tana juyi, ta miƙe sak. Bindigar farauta kuwa cikin bututunta sumul yake. Harsashinta kwanso ne na roba ko na takarda mai gindin ƙarfe. A cikinsa akwai albarushi, sai toshiya, sai kuma tarin ƙwayoyi masu kama da gero ko wake, waɗanda tun fil azal da dalma ake yin su. Idan ka ji an ce bindiga "mai lamba 12" ce, ma'anarsa ita ce: in aka raba laba ɗaya na dalma, watau kimanin giram 454, gida 12, aka mulmula kashi ɗaya ya zama dunƙule, to faɗin wannan dunƙule shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18.5.

Su ma ƙwayoyin suna da lambobi, kuma gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. A ma'aunin Amurka, ƙwaya mai lamba 6, wadda ake harbin tsuntsaye irin su zabo da makwarwa da ita, faɗinta kimanin milimita 2.8 ne, kuma giram 28 na irinta yakan ƙunshi ƙwaya wajen 225. Wadda ake kira "00", ta harbin manyan dabbobi irin su barewa, faɗinta ya kai milimita 8.4, kuma galibi guda tara ake zubawa a kwanso ɗaya.

Da zarar ƙwayoyin sun bar bakin bindiga sai su fara bajewa. Maƙeran bindiga suna auna wannan bajewa da wata da'ira mai faɗin santimita 76, wadda ake kafawa a nisan kimanin mita 36. Bindigar da aka matse bakinta sosai takan zuba kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyinta a cikin da'irar, wadda ba a matse ba kuwa kashi 40 kacal. Ke nan ko da gwanin maharbi ne, ko da bindigarsa ta fi ta kowa, akwai kaso mai yawa da zai faɗa inda bai nufa ba. Haka aka ƙera ta, domin da wuya a sami tsuntsu mai tashi da ƙwaya ɗaya tak.

To, ɗalibi, ɗauki alƙalami. Ƙwaya huɗu ko biyar sun isa su kayar da agwagwa. A cikin 225, saura 220 ke nan. Mu ƙaddara sai maharbi ya yi harbi uku kafin ya sami agwagwa ɗaya: ya bar wajen giram 80 na dalma a fadama. Dalma kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana nan kwance cikin taɓo shekara da shekaru.

Abin da ke faruwa a fadama

Tsuntsu ba shi da haƙori. A maimakon haka Allah ya yi masa ƙundu, wata jaka mai kaurin tsoka wadda ke niƙa abinci. Don ƙundu ya yi aikinsa sai tsuntsu ya haɗiyi 'yan tsakuwoyi, su zame masa dutsen niƙa. Agwagwar da ke tsamar abinci a taɓo ba ta iya bambanta tsakuwa da ƙwayar harsashi, don haka sai ta haɗiye. A cikin ƙundu akwai niƙa, akwai kuma ruwa mai tsananin tsami. Su biyun sai su haɗu su cinye ƙwayar a hankali, dalmar ta narke ta bi hanji ta shiga jini.

Ɓarnarta a jiki iri biyu ce babba. Ta farko, tana toshe wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda jiki ke amfani da su wajen ƙera jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Sakamakon haka shi ne ƙarancin jini. Ta biyu, jiki yakan ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, wanda kuma jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Da ta shige gurbinsa sai saƙonni su rikice. Za ka ga tsuntsun ya saki fukafukai, yana zawo kore, tsokar ƙirjinsa ta zube, abinci ya cushe masa a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe agwagwa cikin 'yan makonni. Kuma da yake tsuntsu marar lafiya ɓuya yake yi cikin ciyawa har ya mutu, maharbi ba ya ganin aikin hannunsa.

A shekarar 1959 wani masanin tsuntsaye na jihar Ilinoi a Amurka, Frank Bellrose, ya ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na agwagin daji na Arewacin Amurka gubar dalma ce ke kashe su kowace shekara. An shafe shekara talatin ana jayayya da maharba, sa'an nan a 1991 gwamnatin Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa a shekarar 1997 kaɗai hanin ya tserar da agwagi kimanin miliyan 1.4. Denmak ta haramta ƙwayoyin dalma ga kowace irin farauta a 1996. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma, bayan hukumarsu ta kula da sinadarai ta ƙiyasta cewa tsuntsayen ruwa wajen miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, sun hana amfani da su a fadamu tun daga 15 ga Fabrairu, 2023.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar Turawa ce. Da yawa daga cikin agwagin da ke barin Turai da Asiya idan sanyi ya tsananta, fadamun Haɗeja da Nguru suke sauka, su haɗu da namu na gida irin su dinya da kirinjijiya. Saboda muhimmancin wurin ne aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Har ila yau Nijeriya da Nijar suna cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a 1995, kuma ɗaya daga cikin alkawuranta shi ne a daina harbi da dalma a fadamu. Ƙundun kirinjijiya da na agwagwar Ilinoi aikinsu ɗaya ne.

Daga fadama zuwa tukunya

Gubar ba ta tsayawa ga agwagwa. Shaho da gaggafa da ungulu suna cin tsuntsun da ya mutu, ko dabbar da aka harba ta gudu da rauni, su haɗiye dalmar tare da naman. A Kalifoniya akwai wata irin babbar ungulu mai suna kwando, wadda a 1987 guda 27 kaɗai suka rage a duniya, har aka kama su duka aka killace don su hayayyafa. Da aka fara sakin 'ya'yansu sai ɓarɓashin harsashin dalma da ke cikin mushe ya zama babban abin da ke kashe su, kuma yana cikin dalilan da suka sa jihar ta haramta farauta da dalma gaba ɗaya a 2019. A nan Afirka, wani bincike da aka buga a 2018 ya auna jinin ungulaye fiye da 500 a Botsuwana, aka tarar kusan kashi ɗaya bisa uku suna ɗauke da dalma fiye da kima, kuma abin ya fi yawa a lokacin farauta. Ungulun da muka saba gani a mahauta tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne guba da kuma cinikin sassan jikinta, amma wanda ke kwance ba ya bukatar a ƙara masa duka.

Mutum ma yana cikin wannan jeri. Wanda duk ya taso a gidan maharba ya san yadda akan tauna ƙwayar harsashi a naman zabo, a tofar, a ci gaba da cin tuwo. Wadda aka tofar ba ita ce abin tsoro ba. Sa'ad da ƙwaya ta ratsa nama ko ta bugi ƙashi takan bar ɓarɓashin da ido ba ya gani. Masana a Sifen sun nuna cewa idan aka dafa irin wannan nama da ruwan khal, tsamin yakan narkar da dalmar ta bazu cikin abincin. Wanda ya san miyar yakuwa da ta tsamiya sai ya yi wa kansa hisabi. A Girinlan kuma an tarar cewa mutanen da suka fi cin tsuntsayen teku da aka harba da dalma su ne suka fi yawan dalma a jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta warkewa. Mu dai ba sai an ba mu labari ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga harsashi ba, amma sinadarin ɗaya ne. Abin lura ga ɗalibin nazarin halittu shi ne, kafin yara su fara mutuwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara ɓacewa. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai ba a fahimci gargaɗin ba sai daga baya.

A farfajiyar gidan yari

Na gaya wa dattijon nan duk wannan, sai ya ce, "To ka gama da farauta. Aikinmu na da fa? Can ai babu agwagwa." Na ce, "Babu agwagwa, Baba, amma bindigar ba ta sake hali ba. Yadda take bajewa a fadama haka take bajewa a farfajiya, kuma wanda ke tsaye a gefen abin da aka auna mutum ne."

Ga misali daga Amurka. Ranar 9 ga Satumba, 1971, fursunoni wajen 1,300 suka yi bore a gidan yarin Atika da ke jihar Niu Yok, suka yi garkuwa da ma'aikata 42. Bayan kwana huɗu ana tattaunawa, ranar 13 ga wata, gwamnan jihar Nelson Rockefeller ya amince a ƙwace gidan da ƙarfi. Aka zubo barkonon tsohuwa daga jirgi mai saukar ungulu, 'yan sandan jiha da gandirobobi suka buɗe wuta cikin hayaƙi na kimanin minti shida. Da yawansu bindigogin farauta ne a hannunsu, cike da harsashin "00". Wannan harbi ya ci ran mutum 39: fursunoni 29, da 10 daga cikin ma'aikatan da aka je ceto. Da farko hukuma ta ce fursunoni ne suka yi wa ma'aikatan yankan rago. Likitan da ya binciki gawarwakin, Dakta John Edland, shi ya bayyana cewa harsashi ne ya kashe su, alhali fursunonin ba su da bindiga ko ɗaya. An yi amfani da wasu bindigogin ban da na farauta, amma kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 1972 ya soki zaɓen harsashi mai bajewa a wurin da masu laifi da marasa laifi suke cakuɗe. Kowace ɗaya daga cikin ƙwayoyi taran nan tana iya kisa ita kaɗai, kuma mai harbi daga nesa ba shi da ikon gaya wa kowacce inda za ta.

Wani zai ce to a koma ga ƙananan ƙwayoyi irin na harbin tsuntsu, tun da ba su cika kisa daga nesa ba. An gwada wannan a yankin Kashmir da ke hannun Indiya, inda jami'an tsaro suka riƙa tarwatsa taro da su tun daga 2010. A tarzomar 2016 ɗaruruwan mutane suka sami raunin ido, wasu suka makance har abada, ciki har da yara 'yan makaranta. Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa feɗe idon saniya a ɗakin gwaji: bangon ƙwayar ido bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, kuma abin da zai tsaya a fatar baya zai huda shi.

Harsashin roba ma ba abin wasa ba ne. A Ailan ta Arewa, tsakanin 1972 da 1989, harsashin roba da na filastik sun kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ Open ta buga a 2017 ya tattara bayanan mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata a ƙasashe dabam-dabam: 53 sun mutu, 300 sun nakasa. Saboda irin waɗannan hujjoji ne jagorar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ta ce kada a taɓa harbin jama'a da ƙwayoyin ƙarfe na bindigar farauta da sunan kwantar da tarzoma. Ƙa'idojin kula da fursunoni na 2015, waɗanda aka raɗa wa sunan Nelson Mandela, su kuma sun ce ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kada ya riƙe makami sai da wani dalili na musamman, kuma kada a ba kowa makami sai an horar da shi.

Hujjojin masu ja

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Maharbi zai ce dalma ta fi ƙarfe nauyi, kuma gaskiyarsa. Santimita ɗaya murabba'i ta kowace fuska na dalma yana da nauyin giram 11.3, na ƙarfe kuwa 7.8. Saboda haka ƙwayar ƙarfe tana saurin rasa gudu. Maharban Amurka da Denmak sun magance wannan ta hanyar ɗaukar ƙwaya mai ɗan girma da kuma rage nisan harbi, kuma ba su daina farauta ba. Zai kuma ce ƙarfe yana iya lalata tsohuwar bindiga mai siririn bututu ko matsattsen baki, yana kuma iya dawowa idan ya bugi dutse. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba a sauya harsashi sai an nuna bindigar ga wanda ya san aikinta. Akwai ƙwayoyin bismut masu laushi da suka dace da tsofaffin bindigogi, sai dai suna da tsada. Maganar tsada ba a raina ta ga talaka mai neman abin miya. Amma sauƙin kuɗin dalma bashi ne, kuma agwagwa da ungulu da yaron da ke cin naman su ne ke biya.

Shi ma gandiroba yana da tasa hujjar: ransa yana cikin haɗari. Harin da aka kai gidan yarin Owerri a Afrilun 2021 da na Kuje a Yulin 2022, inda ɗaruruwan fursunoni suka tsere, sun nuna cewa mai gadin katanga yana bukatar makami na gaske. Ban musa ba. Amma mahari mai bindiga daga waje daban, fursunoni masu hayaniya a farfajiya daban. Na farko yana bukatar makamin da za a iya auna mutum ɗaya da shi, a hannun wanda aka horar. Na biyu abin da ya fi yi masa magani shi ne isassun ma'aikata, da rage cunkoso, da sauraron koke tun bai zama bore ba. Yawancin ma'aikatan da suka mutu a Atika gandirobobi ne kamarsa.

Abin da nake ba da shawara

Ga maharba: a fara da fadama. Duk inda ruwa ke kwanciya a daina zuba masa dalma. Wanda ya harbi dabba da ita ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne tare da kayan ciki, kada ya bar wa ungulu, kuma kada a ba mai ciki da ƙananan yara irin wannan nama. Ga hukumomin da ke ba da izinin shigo da harsashi: su sauƙaƙa shigowar wanda ba na dalma ba, domin ba a hana mutum abu ba tare da an nuna masa madadinsa ba. Ga masu kula da gidajen gyaran hali: harsashi mai bajewa ya tsaya a daji.

Ga malamai da ɗalibai kuwa, ga aikin da ba ya bukatar kuɗi. Ku roƙi masu sayar da naman daji su riƙa ajiye muku ƙundun agwagin ruwa. Ku tsaga, ku wanke abin da ke ciki a faranti, ku bi da maganaɗisu. Ƙarfe zai manne, dalma ba za ta manne ba, kuma za ku gane ta da laushinta da launin toka idan aka kankare ta. Ku rubuta wuri da rana da irin tsuntsun da adadin ƙwayoyin, ku wanke hannu da sabulu in kun gama. Bellrose ma da ƙirgar abin da ke cikin ƙundu ya kafa hujjarsa.

Da dattijon ya tashi tafiya ya mai da harsasansa aljihu, ya ce, "Shekara talatin ina riƙe da bindiga a bakin aiki, ba wanda ya taɓa tambayata inda sauran suke zuwa." Har yanzu yana zuwa fadama. Amma jikokinsa sun daina cin naman da ke kusa da rauni, kuma ya aika a tambayo masa kuɗin harsashin ƙarfe. Allah ya sa mu dace.